Bindigar Surukina a Filin Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta matan garinmu ba za su bar ni ba, da ranar da na raka yaran lakwal, wato makarantar firamare, jarrabawar sartifika a Guci. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na sunkuya zan ɗauki tabarma a gidan biki sai wata ta ce, "Tsaya tukuna mu matsa."

Bari in fara faɗin gaskiya a kaina: ni matsoraciya ce. Ba tsoron kare ko maciji nake nufi ba, wannan kowa na da nasa. Ni abin da bai faru ba shi ke hana ni sakewa. In maigida ya tafi kasuwar Mallawa ya wuce la'asar bai dawo ba, kafin magariba na riga na yi masa hatsari a zuciyata, na kai shi likita, har na zaɓi zanen da zan ɗaura na takaba. Sai ga shi ya shigo yana cin rake.

Cikin yaran da za su yi jarrabawar akwai ɗiyata ta fari. Ummi muke ce mata, don sunan Inna, uwar maigidana, aka sa mata. Kun ga abu biyu sun haɗu a kan yarinya guda: ɗiyar fari ce, kuma mai sunan surukata. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko Ummin ma ban cika faɗa ba, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana. In ta yi zazzaɓi Inna ce mai damuwa da baki, ni kuwa sai in kama taɓarya in yi ta daka da ƙarfi kamar turmin ne ya yi mani laifi.

Amma a ciki, Allah ya sani, babu abin da nake so kamar yarinyar nan ta wuce kolej. Ni a aji uku na tsaya, shekarar da mushenmu, wato malaminmu, ya tafi hutu bai dawo ba. Kuma na san yadda abin yake: wanda bai zauna jarrabawa ranar da aka sa ba, sai baɗi. Yarinyar da aka ce mata sai baɗi a garinmu ba ta cika komawa aji ba, ɗiban ruwa da ɓarar gyaɗa sun cinye ta.

Saura mako guda, malamin yaran, Mushe Isufu, ya tara iyaye a gindin dogon yaro. Ya ce yara tara ne, zai yi gaba da babur saboda takardu, yana son uba ɗaya da uwa ɗaya su biyo amalanke da su. To a daren jiya aka yi ruwan farko mai kyau. Maza suka fara kallon sama. Wannan ya ce shuka, wancan ya ce shuka, nawa maigidan ya ce shi ko rabin yini ba shi da shi. (Ku riƙa tunawa, waɗannan mazan su ne kullum bayan azahar suke kwance a gindin bishiyar nan da salula a kunne.) Da aka juyo wajen mata, sai wata ta ce, "Ga wadda ta taɓa lakwal nan, ita za ta iya karanta lambar ƙofa." Na yi ta noƙewa kamar ba na so. Na ce to, saboda ƴaƴan mutane. A raina kuwa da an zaɓi wata da na bi su a ƙafa.

Salular nan ita ta jawo mani. A kwanakin akwai wani bokal, saƙon murya, da ke yawo a wayoyin mazan garinmu. Wani mutum ne yake magana yana haki, yana cewa an tare hanya an kwashe mutane har da yara. Ta bayan zana na ji shi, sau uku a yini guda, don kowa ya zo sai an sake kunna masa. Da maigida ya shigo cin tuwo na ce, "Malam, abin nan a ina ya faru?"

"Can."

"Can ina?"

"Can dai. Wajen yamma, ko kuwa Najeriya. Miƙo mani ruwa."

"Yaushe?"

"Ke, ni na yi bokal ɗin?"

Ban ce ƙarya ba ne. Akwai garuruwan da abin nan ya ci su da gaske, Allah ya kawo masu sauƙi. Amma mutumin bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba, kuma zuciya irin tawa in aka bar mata gurbi ita ke cikewa. Kafin in gama wanke kwanoni na riga na san wurin: kwarin nan da ke tsakaninmu da Guci, inda goriba ta yi duhu, yashi ke riƙe ƙafar amalanke. Na ga mutanen, na ga rawunansu, na ga har wanda ya kama hannun Ummi.

Daga nan tunanin bindiga ya shigo. Marigayi Baba, surukina, maharbi ne a zamaninsa. Bindigarsa, irin harba-ruga ɗin nan ta maƙera, tana rataye a tsohon ɗakinsa inda muke ajiye iri da sungumi, an naɗe gindinta da fata da layu. Kullum na shiga ɗebo iri sai na kauce mata. Ranar kuwa na tsaya na dube ta, ita ma kamar ta dube ni.

Kwana huɗu ina shawara da kaina, kuma duk a gona. Maigida na gaba yana sara da sungumi, ina biye ina zuba hatsi ina rufewa da diddige. Wannan rami in ce in ɗauka, na gaba in ce kar in ɗauka. In kunya ta ƙare a kan "kar in ɗauka" sai in ce ai na ɓata lissafi a tsakiya, bari mu ga ta gaba. Hankalina, ɗan wanda nake da shi, yana gaya mani gaskiya: ban taɓa harbi ba, ko riƙe ta ban taɓa yi ba, kuma yara tara a amalanke guda ba abin da hannunsu ba ya kaiwa. In ta tashi a kan ɗan wani, da wane ido zan dawo gari? Sai tsoro ya amsa masa: to in suka fito daga goribar nan fa, da ƙwaryar fura za ki jefe su? Ai ba sai an harba ba. Su hango bakinta kawai, su san amalanken nan da mai shi.

Na ɗan taɓa maigida a kaikaice. Na ce, "Mai rakiyar yara ai ya kamata ya riƙe wani abu a hannu."

Ya ce, "Ƙwarai. Riƙe ruwa, da zafi."

(Shawara mafi kyau da ya taɓa ba ni ke nan tun aurenmu, kuma na ji haushinta har kwana biyu.)

Sai na je wajen Mushe. Na gaishe shi, na ce, "Mushe, me da me aka hana a shiga da shi wurin jarrabawar?" Ya lissafa mani da yatsu: salula, littafi, duk wata takarda mai rubutu. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan. Na taho ina cewa a raina, to, bai ce bindiga ba. Wallahi haka na yi. Bawan Allah ya ba ni izinin da bai san an roƙa ba.

Jajibirin tafiya da la'asar, Inna ta tafi barka, maigida bai dawo daga gona ba, na shiga ɗakin Baba na yi bisimilla na sauko da ita. Ta fi yadda nake zato nauyi, ta kuma fi tsawo. Na riƙe ta nesa da jikina kamar mai ɗauke da tukunyar da ta tafasa. Cikin tabarmina babu wadda ta rufe ta sai sabuwar, ta kaba, mai jan baki, wadda nake ɓoyo saboda baƙi. Na naɗe ta a ciki, na toshe bakin biyu da tsumma, na ɗaure da igiya wuri uku, kowane ƙulli na ja shi da haƙori.

Bayan asuba muka kama hanya. Amalanken shanu ne, mai tuƙi a gaba, yara a jere da tsabtatattun kaya, kowa da sabon bik na rubutu, suna ta maimaita karatu da faransanci kamar masu jan carbi. Ni kuwa ina tsakiya da tabarmata. Nan na gane wani abu da ban yi tunaninsa a gona ba: bindiga dole bakinta ya kalli wani wuri. Na kwantar da ita, bakin na kallon yara mata. Na juya, yana kallon yara maza. Na miƙe ta gaba, ga bayan mai tuƙi. Na karkata, ga sa. Na tsayar da ita tana kallon sama, sai amalanke ya faɗa rami ta dungure mani haɓa. Haka na yi ta juyi da tabarma har mai tuƙi ya waiwayo ya ce, "Ki aje ta mana ki zauna a kai." Na ce a'a, sabuwa ce.

Muna shiga kwarin goriba, shanu suka rage tafiya, sai ga ƙarar babur. Mutum ne da rawani ya rufe fuska sai ido. Na kai hannu zan kwance tabarma, ƙulli ya ƙi. Na sa farce, na sa haƙori. Ina cikin cizon igiya mutumin ya iso, ya sauke rawani ya yi mana sallama, ya yi wa yara addu'ar sa'a, ya wuce. A bayansa akuya ce a ɗaure, tana kallona. Ƙulli ɗaya ban kwance ba cikin ukun. Da mai hankali ce da a nan na fahimci komai. Ni kuwa cewa na yi, Allah ya rufa asiri, na sake ƙara ɗaure wanda na sassauta.

Mun iso da wuri. Filin lakwal cike, yara daga ƙauyuka da yawa, kowane gari da nasa gungu. An jera kujeru a gindin tuta saboda manya, don ranar farko sai manyan gari sun zo an buɗe ƙunshin takardun jarrabawa a gaban kowa, an yi addu'a. Ga magajin gari, ga diraktan lakwal, ga liman da dattawa. Ga kuma jandarma biyu a bakin ƙofa, waɗanda ko sau ɗaya ba su faɗo mani a rai ba cikin kwana huɗun da na yi ina shawara.

Mai tarbar iyaye mata wata Hajiya ce, shugabar uwayen yara ta garin, doguwa mai murya. Tana hango ni ta taho da hannu biyu a buɗe.

"Sannu da hanya, ɗiyata. Kawo kayan."

"A'a Hajiya, ba nauyi."

"Baƙuwa ta tsaya da kaya a hannu ina kallo? Kawo."

Kun san yadda abin yake a wajenmu. In ka sauka gari, mai masauki ya karɓi kayanka, ko da ƙunshin goro ne. Ka ce a'a sau ɗaya, kunya ce. Sau biyu, ladabi. Sau uku kuwa ka ce masa ɓarawo ke nan. Na riga na ci biyu. Ta kama gefe guda, na riƙe gefe guda, muna murmushi muna ja.

Sai ta rage murya ta ce, "Dubi can. Kujeru sun ƙare, liman da dattawa a tsaye, ke kina rungume da sabuwar tabarma kamar jaririya. A ce daga wane gari kike?"

To ku gaya mani, wace ce za ta hana liman tabarma? Na buɗe baki in ce akwai abu a ciki, sai na tuna tambayar da za ta biyo baya. Ina wannan tunani hannuna ya saki.

"Kai, da nauyi," in ji ta. "Muciya kika sa a ciki?"

Ba ta jira amsa ba. Ta yi gaba har gaban manya, ta ciro reza daga bakin zanenta ta yanke ƙullina uku kamar ba komai ba, ta kama baki ɗaya da hannu biyu, ta yi wannan kaɗawar da mata ke yi in za su shimfiɗa tabarma a tashi ɗaya. Tabarma ta warware. Bindigar Baba ta mirgino, layu na kaɗawa, ta yi juyi biyu a kan yashi ta tsaya dab da ƙafar liman, bakinta na kallon magajin gari.

Kowa ya zuba mata ido. Sannan kowa ya tuna yana da ƙafa. Magajin gari, mutum mai jiki, ban ga lokacin da ya koma bayan kujerarsa ba. Dattawan da aka ce tsayuwa na ba su wahala suka nuna ba haka ba ne. Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Liman kaɗai bai motsa ba, gefen rigarsa kawai ya ɗan janye.

Ɗaya daga cikin jandarman, saurayi ne siriri, ya zo ya taka ta da takalmi. Ya ce, "Ta wa ce?" Ba sai an amsa ba, don mutane sun riga sun ja baya sun bar ni ni kaɗai a tsakiyar fili da tsumma a hannu.

Ya ce a ware yaran da suka zo tare da ni, ba mai shiga aji sai an san abin da ake ciki. Aka tsayar da su tara a gefe. Mushe Isufu ya rugo yana ta bayani da faransanci, jandarma ya karɓe takardar sunaye daga hannunsa ya nuna masa inda zai tsaya. Daidai nan aka buga ƙarfe na farko. Ina kallo yaran sauran garuruwa suka fara shiga aji layi-layi, namu suna tsaye a rana.

Jandarman ba ɗan yankinmu ba ne, daga nesa aka kawo shi, Hausar tasa ta koyo ce. Ya tsaya a gabana da takarda.

"Madam, me ya kawo ki nan?"

"Rakiya, ranka ya daɗe."

"Da bindiga."

"Saboda hanya."

"Kina da ɗa cikin yaran nan?"

Na dubi ƙasa. Ga liman, ga dattawa sun fara dawowa, ga mata sun kewaye. Na ce, "Akwai yarinyar gidanmu."

"Ɗiyarki ce?"

"Ta Inna ce."

"Wace ce Inna? Tana nan?"

"Tana gida."

"Madam, ke kika haife ta ko ba ke ba?"

"Haka ake cewa."

Ya ɗaga kai ya dube ni sosai. "Haka ake cewa. To, sunanta."

Na ce, "Ummi."

Ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake hawowa. "Babu Ummi a nan."

Hajiya, Allah ya saka mata, ta taso tana kakkaɓe zane ta ce, "Ɗana, ɗiyar fari ce, kuma mai sunan..." Ya ɗaga mata hannu. "Hajiya, ba ke na tambaya ba. Kowa ya yi shiru. Ita ta ce tana da ɗiya, ita za ta faɗa." Ya juyo. "To bar wannan. Sunan mijinki."

Daga zafi zuwa wuta. Wace matar kirki ce ke kama sunan mijinta a bainar jama'a? Na ce, "Baban Ummi."

Mata suka fara dariya cikin mayafi. Shi bai yi ba, kuma yanzu da nake tunani ban ga laifinsa ba. Ku tsaya a inda yake: ga mace ta shigo filin yara da bindiga a ɓoye, ta ce tana da ɗiya amma ba ta tabbata ita ta haife ta ba, ba ta san sunan ɗiyar ba, ba ta san sunan mijinta ba. Ni ma da ni ce da kakin, da na ɗaure ni.

Ya dubi agogo. Ya ce, "In aka buɗe takardu aka rufe ƙofa, ba mai shiga. Ko ki ba ni suna in gan shi a nan, ko mu tafi gidan jandarma da ke da yaran a bincika a can. Zaɓi."

Na saci kallon Ummi. Tana tsaye ta riƙe bik ɗinta da hannu biyu a ƙirji. Ba ta kuka, ba ta kallona. Ƙofar aji take kallo, leɓenta na motsi, har lokacin karatunta take maimaitawa kar ya zube. Shekara shida tana tashi ta ɗebo ruwa kafin ta tafi lakwal saboda wannan safiyar.

Na faɗi sunan. A hankali, cikin mayafi.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa. Ban san na ɗaga murya haka ba, kuma filin ya yi tsit. Sunan Inna ya fita daga bakina tiryan-tiryan, na maigida na biye da shi, don haka ake rubutawa a lakwal, sunan yaro da na ubansa. (Kar ku jira in rubuta maku su a nan. Sau ɗaya ya ishe ni har in mutu.) Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma bakin da aka rufe shekara goma sha biyu in ya buɗe ba ya sanin iyaka. Sai ji na yi ina cewa, "Ni na haife ta, tawa ce, ita ce ta fari. Tsoro nake ji a taɓa mani ita, shi ya sa na ɗauko. Ku tafi da ni, ku bar ta ta shiga."

Salatin da mata suka yi a nan ya fi wanda suka yi wa bindiga. Na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, "A gaban liman." Wata ta ce, "Yaran yanzu." Hajiya ta rufe baki da hannu tana dubana kamar na kwance zane a kasuwa.

Jandarma bai san ma an yi wani abu ba. Ya duba takarda, ya sami sunan, ya kira shi, Ummi ta ɗaga hannu. Ya ce, "To me ya hana tun ɗazu?" Ya yi wa Mushe alama, yara tara suka kwasa da gudu, ana buga ƙarfe na biyu ƙafar na ƙarshensu na shigewa. Sai a lokacin na zauna a kan tabarmar liman.

Saura bindiga. Ya ɗauke ta a hankali, ya juya bakinta ƙasa ya bubbuga. Busasshiyar laka ta zubo, gidan zanzaro guda biyu, da wani mataccen gizo-gizo. Ya taɓa kunamarta, tsatsa ta cinye, ko motsi ba ta yi. Ya ce, "Ina albarushin?"

Na ce, "Ba a ciki yake ba?"

Ya kira ɗan'uwansa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ni duk zatona bindiga da wutarta take zama, kamar yadda kunama ke zama da dafinta. Liman ya matso ya duba layun ya ce, "Ai na san ta. Ta maharbin garinku ce, Allah ya jiƙansa. Rabonta da tashi tun ba a auro ki ba, ɗiyata. Daga baya ado kawai yake yi da ita ranar salla."

Ba su ba ni ita ba. Sun rubuta takarda suka ce mai gidan da ta fito ya je gidan jandarma na Dungas ya yi bayani. Mutumin da ba shi da rabin yini saboda shuka, kwana biyu cur ya yi yana zirga-zirga. Washegari kuwa da za a mayar da yara ƙarasa jarrabawa, uba uku ne suka sami lokacin rakiya. Ni ba a ko tambaye ni ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ina gaishe ta, ba na iya ɗaga ido. Tana tsinke zogale, ta bar ni na gama gaisuwa tsaf. Sannan ta ce, "An ce kin kira ni a Guci."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Da ƙarfi, aka ce. Ai na amsa daga nan, ba ki ji ba?"

Maigida na zaune a kan turmi yana wanke ƙafa, bai ko juyo ba ya ce, "Ni ma an ce an kira ni."

Ummi ba ta ce mani komai ba, ranar ko bayanta. Mun ci gaba yadda muke, ni da "ke", ita da "na'am". Sai ranar da sakamako ya fito, Mushe ya zo har ƙofar gida ya ce ta ci. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida, ni kuwa na shige madafa na kama hura wutar da ke ci da kanta. Yarinyar ta biyo ni da sunan ɗaukar ludayi. Ta tsaya a bayana ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe kin iya faɗarsa." Na ce ta fita hayaƙi zai shiga mata ido. Yanzu tana kolej, aji na biyu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin mutum ya ɗauki abin kare yara, ya zauna ya tambayi kansa daga wa zai kare su. Ranar nan, daga ƙofar gidanmu har ƙofar ajin jarrabawa, mutum ɗaya ce tak ta kusa raba yara tara da sartifika, kuma ita aka tura ta tsare su.